Yadda Za Ka Zaɓi Rediyon Oba-Oba Mai Zango Biyu

Malam manomi, gonaki da yawa suna inda wayar salula ba ta kamawa. In gobara ta tashi, ko shanu suka shiga gona, ko maciji ya sari wani, kafin labari ya iso gari an makara. Shi ya sa ya kyautu ƙungiyarku ta haɗa kuɗi ta sayi rediyon oba-oba, wanda ba ya bukatar kati ko sabis. Amma kafin ku saya, ga abin da za ka duba.

MENE NE ZANGO?

Zango shi ne hanyar da muryarka ke bi a iska. Biyu aka fi amfani da su:

VHF, daga megahaz 136 zuwa 174. Ya fi nisa a fili, kamar gona da fadama da makiyaya.

UHF, daga megahaz 400 zuwa 470. Ya fi ratsa gine-gine, kamar cikin gari da kasuwa.

Mai VHF kaɗai ba zai ji mai UHF ba. Rediyo mai zango biyu yana iya magana da kowannensu. In aikinku duka a gona ne, mai VHF ya wadatar. In kuwa kuna zirga-zirga tsakanin gona da gari, ko 'yan sintirinku na kan wani zango dabam, to ku nemi mai biyun.

ABUBUWA BIYAR DA ZA KA LURA

1. Nisa. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Na hannu mai ƙarfin wat 5 yakan kai 'yan kilomita ne kawai, kuma dutse ko tudu na tare shi. In ka hau tudu, muryarka za ta ƙara nisa.

2. Eriya. Ka tabbata an yi ta don zangon biyu. Kada ka danna maɓallin magana in babu eriya, rediyon zai iya lalacewa.

3. Batir. Ka zaɓi wanda ake cirewa, ka sayi na ajiya. In babu lantarki a garinku, ka tambaya ko zai yi caji da sola.

4. Ƙura da ruwa. Alamar IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma zai jure ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30.

5. Izini. Ba kowace tasha ake hawa ba, akwai na jami'an tsaro. Ku nemi lasisi daga hukumomin sadarwa, sannan masani ya saita muku duka a tasha ɗaya.

KA GWADA KAFIN KA BIYA

Ku ɗauki guda biyu. Ɗaya ya tsaya a ƙofar mai gari, ɗaya ya je gona mafi nisa. In kun ji juna sarai, sai ku sayi sauran. Araha ba ta ado.

Ka tuna, duk mai rediyo a tasharku yana jin ku. Kada ka faɗi maganar kuɗi ko inda dabbobi ke kwana.

Don ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.