Mas ɗin ƙarfe goma na dare: rayuwar ɗalibai a wata jami'ar Katolika ta Indiana

Daren Lahadi wajen ƙarfe goma, sa'ad da yawancin majami'un Amurka suka daɗe da kulle ƙofa, a lokacin ne ibada ke kankama a gidajen kwanan ɗalibai na wata jami'ar Katolika da ke gefen garin South Bend, a arewacin jihar Indiana. Ɗalibai kan ture littafi da kwamfuta gefe su sauko daga bene, wani da silifas, wani da wandon barci, su cika ɗan ɗakin sujadar da ke cikin ginin. A wasu gidajen a ƙasa ma ake zama. Mai kaɗa jita ɗan hawa na biyu ne, mai karanta Littafi Mai Tsarki kuma ɗan ɗakin da ke kallon nasa. Fada ya shigo cikin kayan ibada, a fara Mas, babbar sujadar mabiya ɗarikar Katolika.

Gidajen kwanan nan sun haura 30, na maza daban na mata daban, kuma kowane gida da ɗakin sujadarsa. Idan aka haɗa da na babbar majami'a da sauran ƙananan wurare, ana yin Mas fiye da 100 a kowane mako, a makarantar da masu neman digirin farko ba su kai dubu 10 ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan ɗalibai 'yan Katolika ne.

Wani matashin limami Bafaranshe, Fada Edward Sorin, shi ya kafa makarantar. Ya iso wurin a watan Nuwamba na 1842 yana da shekara 28, tare da abokan tafiya bakwai 'yan ƙungiyarsu ta Holy Cross, suka tarar da fili lulluɓe da dusar ƙanƙara da wata bukkar katako ta yin addu'a. A 1879 gobara ta cinye babban ginin makarantar. Cikin 'yan watanni aka sake tayar da shi, daga baya aka ɗora masa ƙubba mai ruwan zinariya da mutum-mutumin Maryamu uwar Yesu a ƙololuwarta. Dab da shi akwai babbar majami'ar da aka kammala a 1888, mai tagogin gilashi masu zane da aka yi a birnin Le Mans na Faransa, wadda Paparoma John Paul na Biyu ya ɗaga darajarta a 1992.

Baƙo wannan majami'ar yake ɗauka hoto, nan ne kuma ƙungiyoyin mawaƙa ke nuna bajinta ranar Lahadi da safe. Amma wanda ke son ganin inda addini ya zauna a rayuwar ɗalibi, gidan kwana zai nufa. Matsayin biyun kamar na masallacin Juma'a ne da na ƙofar gida: can ake taron mako da kwalliya, nan ake sanin wanda ya zo da wanda aka kwana biyu ba a gani ba.

Ba a tilasta wa kowa zuwa. Da can an yi. Har zuwa farkon shekarun 1960, ɗalibi sai ya bayyana da sassafe a bakin ɗakin sujada a wasu ranakun mako an duba sunansa, da dare kuma a kashe wutar lantarki kowa ya kwanta. Fada Theodore Hesburgh, wanda ya shugabanci jami'ar shekara 35 daga 1952 zuwa 1987, a zamaninsa aka soke wannan. A zamaninsa ne kuma aka miƙa ragamar mulkin makarantar ga kwamitin amintattu da ya ƙunshi waɗanda ba limamai ba a 1967, aka kuma fara ɗaukar mata a 1972. Abin da ya maye gurbin sanda shi ne kusanci. Ɗalibin da ba zai taɓa ratsa sanyin Janairu ya je majami'a ba, ba ya jin wuyar sauka matakala ashirin, balle ma idan abokan ɗakinsa duk sun sauka. Wani gidan maza ya shahara da Mas ɗin daren Alhamis da ake raba kaɗaɗɗiyar madara mai sanyi bayan an tashi, har 'yan wasu gidaje ke yin tururuwa. Ko madarar ce ta kawo su ko addu'a, ba wanda ke tambaya a bakin ƙofa.

Tsarin zaman ne ya sa abin ke ci. Jami'a ce ke zaɓar wa sabon ɗalibi gida da abokin ɗaki, ba shi ba, kuma galibi a wannan gidan yake zama har ya ƙare ko ya kusa. Doka ma ta ce sai ya yi shekara uku a cikin makaranta kafin ya kama haya a gari. Babu ƙungiyoyin nan na samari da 'yan mata masu haruffan Girkanci da suka cika sauran jami'o'in Amurka. Saboda haka gida shi ne dangi: yana da laƙabinsa, da launin rigarsa, da ƙungiyar wasanninsa, da bikin shekara da yake tara kuɗin taimako da shi. Kowane gida yana da shugaba da ke kwana a ciki, wanda zai iya zama Fada, ko Sista, ko wani babba da ba ya cikin limamai. Shi ne mai tsawatarwa, shi ne kuma wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan an yi wa ɗalibi rasuwa a gida. Limamai da yawa da ke koyarwa a ajujuwa suna zaune a irin waɗannan gidaje. Fada Edward Malloy, da ya gaji Hesburgh ya yi mulki daga 1987 zuwa 2005, a gidan kwanan samari ya ci gaba da zama duk tsawon shugabancinsa.

Akwai inda abin ke ƙaiƙayi. Namiji ba ya wuce ƙarfe goma sha biyun dare a ɗakunan mata, haka mace a na maza, sai daren Juma'a da na Asabar da ake ɗaga wa'adin zuwa ƙarfe biyu. A idon Bahaushe wannan sakaci ne ma, amma a Amurka tsohon yayi ake ɗaukarsa, kuma lokaci zuwa lokaci ɗalibai kan yi zaman dirshan a soke shi. Har yanzu hukumar makaranta ba ta janye ba.

A gangaren da ke bayan majami'a, wajen tafki, akwai wani kogo na duwatsu da aka gina a 1896. Kwaikwayo ne, a ƙaramin siffa, na kogon Lourdes a kudancin Faransa, inda 'yan Katolika suka yi imani Maryamu ta bayyana ga wata yarinya mai suna Bernadette a 1858. Ba shi da ƙofa, ba shi da lokacin rufewa. Kowace yamma ana jan carbi a wurin, rani da damina, har cikin ƙanƙara. Ɗalibi kan zo shi kaɗai ya kunna kyandir, ya durƙusa a jikin dogon ƙarfen da aka gitta, ya tashi ya tafi. Makon jarrabawa da jajibirin babban wasan ƙwallo wurin ba ya samun sararin ajiye kyandir. A 1985 yawan kyandirori ya kai ga tashin gobara da ta babbake duwatsun, sai da aka yi gyara. Cikin masu zuwa kogon har da waɗanda ba sa halartar Mas, har da waɗanda ba Kirista ba. Wuri ne da mutum zai zauna shiru ba wanda zai ce masa me ya kawo ka.

Kalandar coci kuma tana bin ɗalibi har cikin kwanon abincinsa. Ranar Larabar Toka, wadda ke buɗe azumin kwana 40 kafin Ista, za ka ga ɗaruruwan goshi da alamar gicciye ta toka a aji da ɗakin gwaje-gwaje. Kowace Juma'a ta wannan lokaci manyan ɗakunan cin abinci ba sa dafa nama, sai kifi da ganye da taliya, ko kai wane ne. Kusan kowane aji da gicciye a bango. Kowane ɗalibi, ko injiniya yake karanta ko harkar kuɗi, dole ya ɗauki kwas biyu na ilimin tauhidin Kirista, ya kuma taɓa falsafa. Waɗanda suka yanke shawarar shiga ɗarikar kan yi watanni suna ɗaukar darasi, a yi musu baftisma a daren jajibirin Ista.

Wanda ba ɗan Katolika ba yana iya zama a Mas daga farko har ƙarshe, sai dai ba ya karɓar Jibin Ubangiji. In ya so, ya bi layi ya harɗe hannuwa a ƙirji, Fada ya sa masa albarka. Ƙaramin abu ne, amma shi ke tuna wa mutum cewa baƙo ne da aka karrama, ba ɗan gida ba, kuma jami'ar ba ta ɓoye hakan.

Hidimar jama'a ita ce ƙofar da ta fi faɗi, domin ba ta tambayar addini. South Bend gari ne da ya sha wuya tun da kamfanin motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa a ƙarshen 1963, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Ɗalibai kan fita su koyar da yaran unguwa karatu, su yi aiki a cibiyar marasa matsuguni da aka buɗe a 1988 da hannun jami'ar a ciki. Cibiyar da ke tsara irin waɗannan ayyuka, wadda aka kafa a 1983, ta yi shekaru tana tura su yankin tsaunukan Appalachia mai fama da talauci a lokacin hutun tsakiyar zango, kuma ba a barin abin a matsayin yawon buɗe ido: akwai karatu kafin tafiya, akwai rubutu bayan dawowa. Tun 1993 akwai wani shiri da masu kammalawa ke ba da shekara biyu suna koyarwa a makarantun Katolika marasa ƙarfi a sassan Amurka, suna zaune gida ɗaya rukuni-rukuni, su fita da digiri na biyu a fannin koyarwa.

Mafi ban mamaki a cikin ayyukan shi ne dambe. Knute Rockne, shahararren mai horar da 'yan ƙwallon makarantar, shi ya shigo da damben safar hannu a 1920 don 'yan wasansa su riƙa motsa jiki. Daga 1931 aka mayar da shi gasa ta shekara-shekara, kuɗin da aka tara kuma a aika wa makarantu da asibitocin ƙungiyar Holy Cross a gabashin Bengal, ƙasar da yau ake kira Bangladesh. Samari kan yi watanni suna atisaye, su hau dandali su fasa wa juna hanci a gaban abokan gidansu, amfanin kuma ya tafi ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. 'Yan mata ma suna da tasu gasar, wadda kuɗinta ke tallafa wa makarantun sakandare na ƙungiyar a Yuganda.

Ƙwallon Amurka, irin wadda ake rungume ƙwallo a sheƙa da gudu, ita ma ba ta rabu da coci ba. A jikin babban ɗakin karatu akwai ƙaton zanen Yesu da hannuwa a ɗage, yana fuskantar filin wasa, kuma jim kaɗan bayan an tashi wasan Asabar ake shiga Mas.

Tambayar da ba ta mutuwa ita ce iyakar Katolikancin makarantar. A 1967 Hesburgh ya tara shugabannin jami'o'in Katolika a Land O'Lakes ta jihar Wisconsin, suka fitar da takardar da ke neman jami'a ta kasance da 'yancin bincike ba tare da katsalandan ba, ko daga hukumar coci ne. A 1990 Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da nasa kundin, Ex Corde Ecclesiae, mai jaddada alaƙar jami'a da coci da bishop-bishop. Rigimar ta fito fili a 2009 da aka gayyaci Shugaba Barack Obama bikin yaye ɗalibai aka ba shi digirin girmamawa. Saboda matsayinsa kan zubar da ciki, bishop-bishop masu yawa suka yi tir, bishop na yankin, John D'Arcy, ya ƙaurace wa bikin, wasu ɗalibai kuma suka yi nasu taron addu'a daban. Bikin dai an yi shi.

Musulmi 'yan kaɗan ne a nan, amma suna da ƙungiyarsu da wurin salla. Tushen wannan karɓa yana cikin sanarwar Nostra Aetate ta 1965, inda babban taron cocin Katolika ya bayyana girmamawarsa ga Musulmi. Jami'ar Georgetown da ke Washington, ita ma ta Katolika, ta riga sauran jami'o'in Amurka ɗaukar limamin Musulmi na dindindin a 1999. A nan South Bend kuwa, a 2017 wasu likitoci Musulmi mata da miji, Rafat da Zoreen Ansari, suka ba da dala miliyan 15 aka kafa cibiyar nazarin addinai da sunansu. Shugaban jami'ar da ya kama aiki a 2024, Fada Robert Dowd, masanin siyasar Afirka ne; littafinsa na 2015 kan Kiristanci da Musulunci da dimokuraɗiyya ya ginu ne a kan binciken da ya yi a Najeriya da Senegal da Yuganda.

Babban shingen shiga dai kuɗi ne. Kuɗin karatu kaɗai ya haura dala dubu 60 a shekara, ban da ɗaki da abinci, kuma masu suka sun daɗe suna cewa makarantar da 'ya'yan baƙin haure matalauta daga Ireland da Poland suka ɗaukaka ta koma ta masu hali. A bikin rantsar da shi, Dowd ya sanar cewa daga yanzu ba za a duba aljihun mai nema ba kafin a ba shi gurbi, har da ɗaliban ƙasashen waje, kuma tallafin da za a ba wanda ya samu shiga ba zai ƙunshi bashi ba.