Shirya A-Kori-Kura Domin Hanyoyin Duwatsu Na Ƙasar Zuru

Kowa ya san ƙasar Zuru ya san Allah ya yi mata albarkar noma. Dawa da masara da shinkafa da wake da gyaɗa duk suna yi ƙwarai a ƙananan hukumomin masarautar guda huɗu, watau Zuru, da Fakai, da Danko/Wasagu, da Sakaba. Amma fa ƙasa ce ta tuddai da duwatsu. Da an bar babbar hanya, ko ta wajen Dabai, ko Mahuta, ko Ribah, ko Dirin Daji, aka nufi ƙauyukan da ke gindin duwatsu, sai a tarar da fa a shimfiɗe, ga kwazazzabai da ruwan damina ya yanka, ga tsakuwa mai kaifi. In mota ba ta kai ga gona ba, tilas manomi ya sayar da amfaninsa da araha ga wanda ya iya zuwa, ko kuwa ya kwashe shi kaɗan kaɗan a kan babur ko jaki, kuɗin dako ya cinye riba.

Motar da ke wannan aiki ita ce a-kori-kura. Tun daga 1975, sa'ad da aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, irin su 404 da 504 suka cika kasuwannin ƙauye. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta yawaita. Yanzu samari masu mota suna gani a waya yadda Turawan Amurka ke gyara motocinsu su hau duwatsu, har waɗansu suna sha'awar kwaikwayo. To, ya kamata a san abin da za a ɗauka daga wurinsu da abin da za a bar musu.

A can wasa ne. Akwai wata hanyar duwatsu a jihar Kalifoniya da a ke kira Rubikon, tsawonta wajen mil 22, tun 1953 a ke taruwa kowace shekara a bi ta da motoci. Mil 22 ɗin nan ya kan ci musu yini guda ko biyu, don tafiyar ba ta fi ta mai ƙafa sauri ba. Wannan shi ne babban darasin: ba gudu ke hawan dutse ba, ba kuma ƙarfin inji kaɗai ba. Abu uku ne, cikin mota ya yi nisa da ƙasa, taya ta kama dutse, tafiya kuma ta zama a hankali. Sai dai su motarsu ba kaya a cikinta, in ta karye kuwa nishaɗi ne ya tsaya. Motar manomi tana ɗauke da abincin shekara, ga mutane a kai.

Da fari dai a auna mota kafin a kashe ko kwabo. A yi mata lodi kamar yadda a ka saba, a tsai da ita a wuri mai daidai, a leƙa ƙarƙashinta da sanda. Wurin da ya fi kusa da ƙasa galibi shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafafun baya, inda farfela ke shiga. A mafi yawan a-kori-kura tsakaninsa da ƙasa bai wuce inci 8 ko 9 ba. A yanke sandan daidai wannan tsawo a ajiye shi a mota. Duk dutsen da ya fi sandan tsawo, ba a ratsa shi a tsakanin tayoyi.

Nan ne mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. Su kan kai mota wurin makaniki ya ƙara ganyen sifirin, ko ya sa ƙarfe ya ɗaga bodi, suna tsammani mota ta tsira daga dutse. Bodi ya tashi, gaskiya ne, amma tulun nan yana nan inda ya ke, gama a kan tayoyi ya ke zaune, ba a kan sifirin ba. Ba abin da ke ɗaga shi sai taya mai tsawo, ita ma rabin abin da a ka ƙara ta ke bayarwa. In a ka sa taya wadda ta fi ta dā tsawo da inci 2, tulun inci 1 kaɗai zai tashi.

Babbar taya kuwa tana da nata haraji. Wanda ya cire taya mai inci 28 ya sa mai inci 31 ya rage ƙarfin jan motarsa da wajen kashi ɗaya cikin goma. Kuloci zai riƙa wahala a hawa, birki zai ƙara nauyi, agogon gudu kuma zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Saboda haka ƙarin inci 1 ko 2 ya isa. Haka kuma ɗaga bodi kada ya wuce inci 2, domin ko da yaushe a ka ɗaga mota, nauyinta sama ya ke komawa, mota mai nauyi a sama kuwa ita ce mai saurin kifewa a gangare.

Abin da ya fi tsawon taya amfani shi ne ƙwarinta. Dutse ba ya cika huda taya ta fuska, ta gefe ya ke yanka ta. A nemi tayar da a ka yi domin kaya, mai alamar LT ko C a jikinta, mai kauri takwas. Mai sayen ta hannu ya duba shekarunta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layi: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, watau an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe, ba ta jimre wa kaifin dutse.

Masu wasan can su kan sace iskar taya ƙwarai don ta lanƙwasa ta rungumi dutse. Dabara ce mai kyau ga motar da ba kaya. Motar da ke ɗauke da buhunan masara, in a ka rage mata iska da yawa, dutse zai matse gefen taya da rim ya tsaga ta. A rage kaɗan in babu lodi, a kuma tafi da famfo a mayar da iskar kafin a hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska zafi ta ke ɗauka har ta fashe.

Bayan taya, gyaran da ya fi kowane biyan kuɗinsa shi ne garkuwar ƙasa. Kaskon da ke riƙe baƙin mai a ƙarƙashin inji ba shi da kauri. In dutse ya fasa shi mai ya tsiyaye, direba bai lura ba, cikin 'yan mintoci inji ya ƙone. Mai walda na cikin gari zai iya yanka faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ya rufe ƙarƙashin inji da giyabos, wani kuma a ƙarƙashin tankin mai. A ɗaure shi da noti, kada a like shi da walda, don a iya cirewa ran gyara. A bar ramin juye mai, a bar hanyar iska, a kuma riƙa cire ciyawar da ke maƙalewa a ciki da kaka, kada ta haɗu da zafin salansa ta kama wuta.

Sai maganar giya. Irin su 404 da 504 ƙafafun baya kaɗai ke ja. Hilux kuwa akwai mai jan ƙafa huɗu, tana da ƙaramar giyar taimako wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfin ja fiye da sau biyu. Da ita mota kan hau fa tana rarrafe ba tare da an ƙona kuloci ba. Amma da an fito kwalta a cire jan ƙafa huɗun, in ba haka ba ƙarafan ciki za su riƙa murɗe juna a kwana har wani ya karye.

Akwai kuma wani abu da ke ba direbobi mamaki. In ƙafa ɗaya ta baya ta tashi sama ko ta faɗa taɓo, sai ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi tana tsaye. Ba lalacewa ba ce. Haƙoran da ke cikin tulun nan an yi su ne don su bar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. Waɗansu motocin zamani suna da maɓallin kulle su na ɗan lokaci. Waɗansu mutane kuwa su kan sa a like haƙoran da walda gaba ɗaya. Kada a yi wannan ga motar kaya: za ta riƙa cin taya, ta ƙi juyawa a kwana, wata rana sandar ƙafa ta karye da lodi a kai. Cusa duwatsu ko itace a ƙarƙashin ƙafar da ke juyawa ya fi sauƙi.

Duk gyaran nan banza ne in lodi ya wuce kima. Galibin a-kori-kura an yi su ne don ɗaukar wajen tan ɗaya, watau buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Ƙarin ganyen sifirin yana hana baya zama, amma ba ya ƙara wa birki ko ƙafa ko ƙashin mota ƙarfi. A jera buhuna a ƙasa, masu nauyi a matsa da su kusa da gidan direba, a ɗaure tam. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da kwana a daji, balle a wannan zamani da ba a son dare ya yi wa mutum a hanya.

Saura tuƙi. In an zo mugun wuri, fasinja su sauka, yaron mota ya wuce gaba inda direba ke ganinsa yana nuna masa da hannu. Babban dutse a ɗora taya a kansa, kada a bar shi ya shiga tsakiya. Kwazazzabo a ƙetare shi a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Tudu kuwa a fuskance shi sak, hawa da sauka, kada a bi shi a kaikaice. A sauka da giya ta ɗaya, inji na riƙe da mota, ba a taka kuloci ba. Direba ya fid da manyan yatsunsa daga cikin sitiyari, gama in taya ta bugi dutse sitiyari kan fizge. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan an ƙetare rafi mai zurfi a duba man tulun baya, in ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, a juye shi. Kowane mako a bi notocin taya da na sifirin a ƙara ɗaurewa.

Daga ƙarshe, sau da yawa abin da ke hana mota shiga ƙauye wuri biyu ne ko uku kaɗai a hanyar duka. Mutanen ƙasar Zuru ba baƙin aikin gayya ba ne. In mai unguwa ya tara samari yini guda kafin kaka, da diga da guduma da shebur, a ka fasa kan dutsen da ya fito, a ka cike rami da tsakuwa, a ka yanka wa ruwa hanya a gefe, to, an gyara wa kowace mota, ba ta mutum ɗaya ba. Motoci in sun yi yawa kuɗin dako ya sauka, masu saye kuma su zo har bakin rumbu suna gasa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a kwashe amfani lafiya.