Bashin karatu na gwamnati: wa ya cancanta, kuma yaya ake biya?

'Yan'uwana mata, a zagayen da nake yi wa ƙungiyoyinmu ana yawan tambayata a kan kuɗin da aka ce gwamnati na ba ɗalibai. Wata ta ce kyauta ne, wata ta ce sai mai hanya. Duka biyun ba haka ba ne. Bari in zayyana muku yadda abin yake, musamman ga masu 'ya'ya a kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha, tunda nan ne yawancin yaranmu ke samun gurbi.

Sunan hukumar NELFUND, wato asusun ba da rancen karatu na Najeriya. An fara yin dokarsa a 2023, sai aka ga sharuɗɗanta sun yi wa talaka tsauri, aka sake ta a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin cike fom a watan Mayu na wannan shekarar. Tsohuwar dokar ta ce sai an kawo mutum biyu da za su tsaya wa yaro, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe a aiki, kuma sai abin da iyali ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Ina matar ƙauye za ta samo lauya? Sabuwar dokar ta cire duka wannan. Yanzu ba a neman mai tsayawa, ba a tambayar abin da ke rumbunku, kuma ba a hana yaro saboda bashin da ake bin iyayensa.

Rance ne, ba kyauta ba. Amma babu kuɗin ruwa a kansa: abin da aka ba yarinya shi za ta mayar, ba ƙarin ko kwabo.

Wanda ya cancanta shi ne ɗan Najeriya da ya riga ya samu gurbi a makarantar gaba da sakandare ta gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko ta Gusau wadda mata zalla take ɗauka, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda. Makarantar kuɗi ba ta ciki. Wannan ku riƙe shi tun kafin a zaɓa wa yarinya makaranta, domin ƙananan kwalejojin kuɗi sun yi yawa a garuruwanmu, kuma wasu sunansu kamar na gwamnati. Wanda aka kora saboda satar jarrabawa, ko kotu ta kama shi da zamba ko harkar ƙwaya, ko ya ci bashin banki ya ƙi biya, ba ya samu.

Abin da ake nema ba shi da yawa: lambar JAMB, lambar katin ɗan ƙasa wato NIN, lambar BVN ta banki, takardar samun gurbi, da lambar rajistar da makaranta ta ba ɗalibi. Sai dai a nan ne yawanci ake tuntuɓe. Kwamfuta ce ke duba takardun, ita kuwa ba ta san cewa Hauwa'u da Hauwa da Kulu mutum ɗaya ba ce. In sunan da ke NIN ya saɓa da na JAMB, ko ranar haihuwa ta bambanta da ta banki, fom ɗin sai ya maƙale. Mu kuma mun saba, malamin firamare ya rubuta shekara ɗaya, mai yin katin ɗan ƙasa ya rubuta wata. Don haka tun yarinya na ajin ƙarshe a sakandare a baje takardunta a tabarma, a samu mai karatu ya gwada su harafi da harafi. Gyara yana cin lokaci da kuɗin mota, gara a yi shi babu gaggawa. Haka kuma wadda makaranta ta ɗauka ba ta hannun JAMB ba, sai ta je an daidaita mata gurbinta da JAMB tukuna. Sannan dole makarantar ta tura sunayen ɗalibanta ga hukumar. In shafin ya ce bai ga sunanta ba, ofishin kula da harkokin ɗalibai za ta nufa.

Kuɗin kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ba ya biyowa ta hannun kowa, kai tsaye ake tura wa makarantar. Na biyun shi ne kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata lokacin da aka fara shirin, wanda ke shiga asusun ɗalibar. Wannan na biyun ba dole ba ne, ana iya neman na makaranta kawai. Kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema, ba ya sabunta kansa.

Ni dai shawarata, a yi lissafi kafin a karɓi kuɗin kashewar. A ce yarinya ta karɓi 20,000 na wata 10 a kowace shekara, har shekara 3 ta NCE. Ya zama 600,000, ban da kuɗin makaranta. Dokar ta ce ana fara biya shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kanta kuma ta riƙa biyan kashi 10 na ribarta ta wata. In albashinta 70,000 ne, ana cire 7,000 ke nan, kuma wannan 600,000 ɗin kaɗai zai ɗauke ta fiye da shekara 7. Wadda ke kwana a gida tana cin tuwon gida tana zuwa makaranta da ƙafa, me zai sa ta ɗora wa kanta wannan? Wadda kuwa aka tura wani gari, ba dangin iya ba na baba, kuɗin zai iya zama shi ne tsakaninta da barin karatu. Masu NCE da ƙaramar difloma ba sa zuwa bautar ƙasa, saboda haka su karanta sharuɗɗan da suka amince da su a shafin, su san yadda aka ƙidaya musu lokacin fara biya. Wadda lokacin ya yi ba ta samu aiki ba tana iya yin rantsuwa a rubuce ta nemi a ɗaga mata ƙafa, amma yin ƙarya a wannan laifi ne da ke kai mutum gidan yari. In kuma rai ya yi halinsa, dokar ta ba da damar a yafe bashin.

Bashin na wuyan yarinyar ne, ba na mahaifinta ba, ba na mijin da za ta aura ba. Kada wani a gida ya riƙe katin bankinta yana cire kuɗin wata-wata da sunan cefane. In aure ya taso tana tsakiyar karatu, a gaya wa mijin akwai wannan bashi tun kafin a ɗaura.

Cike fom ɗin kyauta ne. Mai shagon kwamfuta zai iya karɓar ladan aikinsa, amma duk wanda ya ce a ba shi wani abu don ya sa sunan ya fito da wuri, damfara ce. Yarinyar ta zauna a gabansa yana cikewa, ta tabbatar lambar wayarta da imel ɗinta da asusunta aka sa, kuma lambar sirrin shiga shafin ta zauna a wurinta ita kaɗai.

To ina akwatinmu ya shigo? Rancen ba ya zuwa sai an zama ɗaliba. Kuɗin fom ɗin JAMB, kuɗin karɓar gurbi, kuɗin mota, katifa, bokiti da ɗan garin kwaki na makonnin farko, duk daga aljihu ne. Wani lokaci ma makaranta kan rufe rajista kafin kuɗin hukumar ya iso, dole a biya tukuna. In haka ta faru a adana rasit, domin idan kuɗin ya shigo daga baya makarantar ce za ta mayar wa ɗalibar abin da ta biya, kuma sai an bi sawu. Mai 'ya a ajin ƙarshe ta ƙara yawan zubinta tun farkon zagaye, don abin da za ta iya ranta daga akwati ya danganta da abin da ta tara. Kada kuma ta ɗauki rancen ƙungiya na wata 3 da niyyar biya da kuɗin da makaranta za ta mayar, domin ba ta da iko da ranar fitowarsa. Ta ɗauka a kan abin da take da tabbas a kai, kamar akuya ko cinikin ƙuli-ƙuli.

Ban da wannan rance, jihohi suna da hukumomin ba da tallafin karatu, wanda shi kyauta ne, ba a mayarwa. Ba shi da yawa kuma yakan yi jinkiri, amma a nema. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma suke fara tambaya, a sakatariyar ƙaramar hukumarku ake yin ta.