Ɓarayi Masu Kwat Da Sunayensu A Ingila

Yau za mu leƙa birnin Landan na zamanin da, mu ji sunayen da Turawa suka laƙaba wa 'yan sane, domin akwai abin lura a cikinsu.

A can da, mutanen Ingila a ɗamara suke rataye jakar kuɗinsu. Ɓarawo sai ya sa wuƙa ya yanke igiyar, saboda haka suka kira shi "cutpurse", watau mai yanke jaka. Da aka koma sa kuɗi a aljihu, sai aka sami "diver", watau mai nutso, don hannunsa nutsewa yake yi cikin aljihun mutane.

Amma waɗanda suka fi wuyar ganewa su ne "swell mob", sunan da ya bazu wajen 1830. "Swell" shi ne ɗan gaye mai tsaf-tsaf, "mob" kuwa gungu. Waɗannan sukan sa kwat mai tsada da doguwar hula, su shiga gidan wasa ko filin sukuwa tare da manya. Wa zai zargi mai irin wannan shiga?

Har da mata a cikin sana'ar. Wata mai suna Mary Young, wadda ake yi wa laƙabi da Jenny Diver, takan caɓa ado ta tafi coci kamar mai juna biyu. An ce hannuwan ƙarya take ɗorawa a kan cikin, na gaskiyar kuwa suna ƙarƙashin riga suna lalube maƙwabta. Sau biyu ana korarta zuwa Amurka tana dawowa, har dai aka rataye ta a 1741.

Akwai kuma George Barrington, wanda a 1775 ya zare battar taba ta zinariya daga jikin wani basaraken Rasha mai suna Orlov a gidan wasa na Covent Garden. A 1790 aka yanke masa hukuncin kora zuwa Ostareliya na shekara bakwai. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

To, 'yar'uwa, kin ga dabarar tasu ɗaya ce. Sun san idon mutane yana kan mai tsumma, sai suka ɓuya cikin ado. Idan kin shiga kasuwa ko tasha ko gidan biki, kada leshi da turaren wadda ta matso kusa da ke su sa ki saki jiki, wataƙila kyan ɗan maciji ne. Ki riƙe jakarki a gaba, ki raba kuɗinki wuri biyu. Yaron da ya shigo da yagaggiyar riga kuwa, kada ki yi saurin ɗora masa laifi in abu ya ɓace.

Sai mun sake saduwa.