Daga Ƙonni zuwa Illela: shekara nawa ake bar wa yaro ya yi ƙuruciya?

Duk wanda ya kwana a wani ƙauye tsakanin Tsarnawa da Dogarawa bayan an gama girbin hatsi, ya san yadda dandali yake idan farin wata ya fito. Da an ci tuwon dare, yara sai su fantsamo daga gidaje. Ƴan mata su yi da'ira suna gaɗa da tafi, maza su koma gefe suna langa ko kokowa cikin rairayi, ƙanana kuma su kewaye wata tsohuwa tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. A wannan lokaci ba wanda yake tambayar ɗan wane ne wannan, ko rumbu nawa ubansa ya cika bana. Wanda ya fi ƙarfi shi ke kayarwa, wadda ta fi murya ita ke ba da waƙa.

Hausawa sun ce ƙuruciya dangin hauka, amma haukan nan yana da gata da ba a ba kowa. Yaro yana shiga kowane gida, har na kulle, ba sai ya yi sallama ba. Jika yana tsokanar kakansa da maganar da babba ba zai iya furtawa ba. A watan azumi, idan aka shiga tashe, yara sukan sa gemun auduga da rawanin tsumma su kwaikwayi malami, ko attajiri, ko mai sarauta, waɗanda ake kwaikwayon su yi dariya, har su ba da tukuici. Al'umma ce da kanta ta ware wa yaro wannan fili, ta ce ya sha iska kafin duniya ta fara koya masa karatunta.

Abin tambaya shi ne faɗin filin. A gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, ba kowane yaro ake bar wa shekaru iri ɗaya ba. Kuma maganar ba ƙarama ba ce, tun da wajen rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba.

Ƙasa mai albarka, mai saurin sa yaro aiki

Yankin nan ba na kasala ba ne. A Ƙonni akwai gandun noman rani mai faɗin fiye da eka 2,400, wanda aka gina kashi biyu a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, yana shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango. A Malbaza masana'antar siminti tana aiki tun shekarun 1960. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Ankara. Kasuwar Badagishiri kuwa tana tara dabbobi da hatsi daga ko'ina cikin Adar.

Yara suna girma cikin wannan hada-hada, kuma da farko duk wasa ne a wurinsu. Hanyar ruwan gandu wurin wanka ce. Manyan motocin da ke dakon albasa da siminti su ne ake kwaikwayo da kara da waya a yi motar ja. Kiwon awaki yawo ne, korar tsuntsaye a gona kuma dama ce ta gwada gwafa. Ba rana ɗaya wasan yake juyewa ya zama aiki ba. Yaron da yake bin ubansa dashen albasa don sha'awa, wata rana sai a wayi gari ana lissafi da hannunsa, in bai zo ba aiki ya tsaya. Daga nan lakwal ta fara zama abin da ake zuwa idan gona ta bari.

Iyaka: darasin farko na ɗa namiji

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya ƴan kilomita kaɗan ne, Sakkwato kuma ba ta wuce tafiyar kilomita 90 da ƴan kai ba. Ga ƙaramin yaro iyaka ba ta da ma'ana: gwaggonsa tana can, kawunsa yana nan, harshe ɗaya, sallah ɗaya. Sai ya kai shekara 13 ko 14 yake gane cewa layin nan da ba a gani shi ne ke ciyar da garin. Shekaru da dama, bambancin farashin man fetur tsakanin ƙasashen biyu ya haifi sana'ar ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da mai cikin kwalabe a bakin hanya, kuma yara da yawa da ita suka fara riƙe kuɗi. Wasu suka hau babur suka zama ƴan kabu-kabu tun ƙafarsu ba ta gama kai ƙasa ba.

Kuɗin iyaka suna da daɗi, amma ba mai iko da su a Ƙonni. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986, kuma abin ya haɗu da fari har talakawa suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, lissafin ƴan canji da ƴan kasuwa ya birkice dare ɗaya. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya tsayar da zirga-zirga na tsawon watanni. A wannan shekarar ce kuma Najeriya ta janye tallafin man fetur. Kowane karo, saurayin da ya bar aji saboda babur ko jarka yakan tarar ba aji, ba ciniki.

Wanda iyaka ba ta riƙe ba, cin rani yakan ɗauke shi. Adarawa sun daɗe da suna wajen tafiya neman kuɗi: Abijan, Legas, Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Bayan girbi akan ga ƙauyuka sun koma na mata da tsofaffi da yara. Yaron da ya ga yayyensa sun dawo da rediyo da sabuwar riga ba ya ganin kwanan tasha, da korar baƙi, da waɗanda ba su dawo ba. Wannan sai ya je da kansa.

Ga ɗiya mace, filin ya fi ƙunci

In namiji yana samun shekara 14 ko 15 na walwala, mace sau da yawa ba ta kai haka. Talla da ɗiban ruwa da reno suna fara cin lokacinta tun tana shekara 7. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar kashi 76 cikin 100 na mata suna aure kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin shekara 15. Dokar farar hula da aka gada daga Faransa ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma galibin aure bisa al'ada ake ɗaura shi, inda ba a tambayar takardar haihuwa. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da ke karatu, amma doka a Yamai daban, abin da ake yankewa a zaure daban.

Akwai kuma waɗanda aka ƙwace wa ƙuruciya ta hanyar da ta fi wannan muni, kuma a nan ƙasar Ƙonni ta shiga tarihin shari'a na Afirka ta Yamma.

Labarin Hadizatu Mani

An haifi Hadizatu Mani a 1984, uwarta tana cikin bauta. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jikka 240 ga wani mutum mai shekara 46 a ƙasar Ƙonni, wanda yake da matansa huɗu. Irin wannan ciniki shi ake kira wahaya: yarinya ƴar bayi da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba gado. Aikin gida da na gona nata ne, kuma maigida yana zuwa mata lokacin da ya ga dama. Shekara 9 ta yi a haka, ta haifi ƴaƴa a gidan, ta sha duka.

A lokacin da sa'o'inta suke gaɗa a dandali, ita an riga an yanke mata farashi. Abin da yara ba su tambaya wurin wasa, wato asalin uwa, shi manya suka tambaya, kuma shi ya raba ta da su.

A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ta shiga ƙauyuka tana bayyana dokar. A watan Agustan 2005 maigidan ya ba Hadizatu takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, ya ce ai matarsa ce. A farkon 2006 ta kai ƙara kotun Ƙonni mai duba al'amuran al'ada, kotun ta ce ba a taɓa ɗaura aure ba, tana iya tafiya. Babbar kotun Ƙonni ta soke wannan hukunci. Ana cikin ja-in-ja ta auri mutumin da take so, sai tsohon maigidan ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure. A watan Mayun 2007 aka yanke mata ɗaurin wata 6, ta yi wajen wata 2 a gidan kaso kafin a sake ta.

Da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyin waje, ta kai ƙarar ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO. Kotun ta zo ta zauna a Yamai, kuma ranar 27 ga Oktoban 2008 ta yanke cewa Hadizatu ta yi zaman bauta, hukumomi sun sani ba su kare ta ba, ta kuma umarci gwamnati ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin. A 2009 aka karrama Hadizatu a Amurka cikin mata masu jaruntaka na duniya.

Shari'ar ta buɗe ƙofa. Wani bincike da Timidria ta fitar a 2012, bayan hira da wahayu 165, ya nuna cewa mafi yawansu an sayar da su kafin su kai shekara 15, wasu kuma an tsallaka da su Najeriya. A watan Mayun 2014 kotun manyan laifuffuka da ta zauna a Ƙonni ta ɗaure wani mutum mai shekara 63 shekara 4 saboda ajiye wahaya, karo na farko ke nan a ƙasar. A 2019 kuma shari'ar Hadizatu ta kai ƙarshe a Yamai, inda alƙalai suka tabbatar cewa wannan al'ada ba ta da gurbi a dokar Nijar. Ta ci shari'a, amma miliyan 10 ba su sayo shekara 9 ba.

Abin da ke hannun manya

Ba wanda yake cewa a hana yaro sanin wahala. Yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi, kuma manoma da ƴan kasuwar yankin nan da gumi suka gina abin da suke da shi. Amma akwai bambanci tsakanin darasin da duniya take koyarwa a kan lokacinsa da wanda manya suke gaggauto wa yaro don ribarsu. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin yara tun 1990, sai dai masu cika ta ba a Yamai suke ba. Su ne ɗan kasuwar da ke ɗaukar yaron shago, wanda yake iya cewa a je lakwal da safe a zo shago da yamma. Su ne ma'aikacin magajin gari da ke rubuta takardar haihuwa, wadda in babu ita ba a iya tabbatar da shekarun amarya. Su ne mushen da ya lura kujerar wata ɗaliba ta yi mako biyu ba kowa, da mai gari da limamin da ake kira ɗaurin aure, waɗanda suke da ikon tambayar shekara nawa yarinyar.

Bana ma za a yi girbi, farin wata zai fito a Gidan Idar da Tajaye da Bazaga, yara za su cika dandali. Mai wucewa da ya tsaya ya ƙirga ƴan matan da ke cikin da'irar gaɗa, ya dawo baɗi ya sake ƙirgawa, zai san waɗanda suka rage, sauran kuma akwai babban da ya san inda aka kai su.