Daga Tsalle Zuwa Rawa a Kan Ƙanƙara: Abin da Sauya Takalmi Ke Yi wa Ƙafa

Gabatarwa

A birnin Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, ƙanƙarar da aka sani ita ce wadda ake sayarwa don sanyaya ruwan sha, sai kuma wadda kan zubo jefi-jefi tare da ruwan sama. Amma talabijin ta kawo wa jama'a hotunan mutanen ƙasashen sanyi suna zamiya, suna tsalle, suna rawa a kan daskararren ruwa. A shekarar 2018 ma, a karo na farko, Nijeriya ta tura 'yan wasa zuwa gasar Olamfik ta lokacin hunturu a ƙasar Koriya ta Kudu, ko da yake su da keken zamiya suka fafata.

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan ɗalibin Sakkwato da takalmin zamiya? Amsar ita ce, samun misalin da ya fi wannan wasa bayyana yadda idon sawun ɗan'adam ke aiki abu ne mai wuya. Ɗan wasan da ya shekara goma yana tsalle a kan ƙanƙara, ranar da ya koma rawa ya sauya takalmi, sai a ga yana tangaɗi kamar sabon shiga. Bayanin dalilin haka darasi ne na ilmin halittu da ya shafi duk mai ƙafa.

Wasa Biyu a Fili Ɗaya

Wasan zamiya na gwaninta ya shiga Olamfik tun a 1908 a birnin Landan. Babban reshensa shi ne na tsalle da juyi, inda ɗan wasa ke tashi sama ya kewaya sau uku ko huɗu kafin ya dira da ƙafa ɗaya. A watan Satumba na 2022 wani matashi Ba'amurke, Ilia Malinin, ya zama na farko da ya yi kewaye huɗu da rabi a tsalle guda a cikin gasa.

Ɗaya reshen shi ne rawar ƙanƙara, wadda ba ta shiga Olamfik ba sai a 1976 a garin Innsbruck na ƙasar Ostiriya. A nan mutum biyu ne ke tafiya kusa da juna suna bin kiɗa. Doka ta hana manyan tsalle, kuma ba a son tazarar da ke tsakaninsu ta wuce tsawon hannu biyu. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne taku, da durƙuson gwiwa, da miƙewar ƙafa, da daidaito da kiɗa.

'Yan wasa da yawa kan fara da tsalle sannan su koma rawa. Alal misali, Jayne Torvill ta ƙasar Ingila ta ci gasar ƙasarsu ta wasan biyu-biyu mai tsalle a 1971, daga baya ta koma rawa tare da Christopher Dean, har suka ci lambar zinariya a Sarajevo a 1984, inda duk alƙalai tara suka ba su cikakken maki a fannin kyan tsari.

Ginin Idon Sawu

Ƙafar mutum, daga diddige zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, da tsokoki da jijiyoyi sama da 100. Gaɓar idon sawu kuwa mahaɗar ƙashi uku ce: babban ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da ke gefensa, da wani ƙashi mai kama da ƙaramin sirdi da ke zaune a tsakaninsu. Wannan gaɓa na iya ɗaga ƙafa sama kimanin digiri 20, ta kuma miƙe ta ƙasa kimanin digiri 50. Abin da ke jan diddige sama shi ne agara, watau jijiyar da ta haɗa tsokar sharaɓa da ƙashin diddige, kuma babu jijiyar da ta kai ta kauri da ƙarfi a duk jiki.

Bugu da ƙari, a cikin tsokoki da jijiyoyin nan akwai wasu ƙananan 'yan rahoto waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa, a kowane lokaci, yadda gaɓa ta karkata da yadda tsoka ta miƙe. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ita ke haɗa wannan rahoto da na ido da na cikin kunne, sannan ta aika wa tsokoki umarnin gyara tsayuwa. Wannan ne ya sa mutum ke iya tafiya cikin duhu a kan kunyar gona ba tare da ya kalli ƙafarsa ba.

Takalmin Tsalle

Masu bincike sun auna nauyin da ke sauka a kan ƙafar ɗan wasa lokacin dira, suka tarar yakan kai ninki 5 zuwa 8 na nauyin jikinsa. Ke nan mai nauyin kilo 60 ƙafarsa ɗaya na karɓar abin da ya kai kilo 300 zuwa 480, watau buhun siminti shida zuwa kusan goma, kuma duk a kan ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 4. Idon sawu shi kaɗai ba zai jure wa wannan ba tare da targaɗe ba.

Saboda haka ake yin takalmin tsalle da tauri ƙwarai. A da fatar shanu ake jerawa rufi-rufi a manne, yanzu kuma kamfanoni da dama na haɗawa da roba mai ƙarfi. Wuyansa dogo ne, yana rufe idon sawu kamar ɗori. A ƙarƙashinsa an ɗaure wuƙar ƙarfe da kusoshi. Wuƙar tana da kwarmi a tsawonta, wanda ya ba ta kaifi biyu, na ciki da na waje. Cikinta ba a miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa kamar cikin kwalekwale, don haka ɗan yanki ne kawai ke taɓa ƙanƙara a lokaci guda. A goshinta akwai manyan haƙora irin na zarto, waɗanda ake cakawa a ƙanƙara a tashi sama. Uku daga cikin manyan tsalle shida na wasan da su ake yin su. Wutsiyarta kuma ta zarce diddige, tana tare mai dira kada ya faɗi ta baya.

Takalmin Rawa

Ga mai kallo daga nesa takalman biyu iri ɗaya ne, amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Takalmin rawa an rage masa tsawo ta bayan wuya, an sa masa abu mai laushi a inda yake taɓa agara, domin mai rawa ya iya miƙe yatsunsa sosai, ya kuma durƙusa gwiwa ƙasa. Yawanci bai kai na tsalle tauri ba, kuma dunduniyarsa takan ɗan fi tudu.

Wuƙarsa ma daban take. An gajarta wutsiyarta da kimanin inci ɗaya, watau santimita biyu da rabi, saboda ƙafafun abokan rawa na gilmawa kusa da juna, kuma doguwar wutsiya na iya harɗe ɗaya ta kayar da duka biyun. Haƙoranta ƙanana ne tunda ba tsalle za a yi ba. Sau da yawa kuma ta fi siranta, domin a sauya daga wannan kaifi zuwa wancan cikin hanzari.

Abin da Ke Faruwa Ranar Sauyi

Abu uku ne ke haɗuwa wa ɗan wasa. Na farko, aikin da takalmi ke yi ya dawo kan tsoka. Ƙa'ida ce a ilmin halittu cewa tsokar da ba a sa ta aiki takan yi rauni, kamar yadda hannun da aka ɗaure saboda karaya kan fito a rame. Wanda ya daɗe cikin takalmi mai tauri, ƙananan tsokokin gefen ƙwaurinsa sun saba da hutu, sai ga shi rana ɗaya an ɗora musu riƙon gaɓa.

Na biyu, ma'aunin da ke cikin ƙwaƙwalwa ya daina dacewa. Shekara da shekaru ta haddace iyakar inda jiki zai jingina baya wutsiyar wuƙa ta tare shi. Da aka cire inci ɗaya, wannan iyaka ta matso, amma ƙwaƙwalwa ba ta sani ba tukuna. Shi ya sa sabon mai rawa ke iya faɗuwa ta baya.

Na uku, tudun dunduniya na tura nauyin jiki gaba, sai wurin da ɗan wasa ya saba tsayawa a kan wuƙa ya yi juyi ya gusa. Magani shi ne maimaitawa: da kowane kuskure ƙaramar ƙwaƙwalwa ke gyara lissafinta, tsokoki kuma su ƙara ƙarfi. Don haka masu horarwa kan sa a fara da taku mai sauƙi na ɗan lokaci kaɗan a rana, a haɗa da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya a tudu.

Darasi ga Ɗalibin Sakkwato

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar da ta shahara da sana'ar fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara zuwa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi. Majema da dukawa sun san fata mai laushi da kirgi mai tauri kowanne da muhallinsa, kuma baduku ba ya ɗinka wa mahayin doki irin takalmin da zai ɗinka wa mai zuwa kasuwa, domin wanda ƙafarsa ke cikin likkafa bukatarsa daban ce.

Haka abin yake a filin makaranta. Yaron da ya saba buga ƙwallo ba takalmi, idan aka ba shi takalmi mai ƙusoshi ranar gasa, ƙafarsa za ta riƙa kafewa a ƙasa a inda ta saba sulɓewa, kuma nan ne targaɗen idon sawu da na gwiwa ke samun ƙofa. Ya kamata malaman wasanni su ba ɗalibai sabon takalmi makonni kafin gasa, su fara da gudu marar tsanani.

Malamin kimiyya na iya gwada wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A sa ɗalibi ya tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi, a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi. A maimaita da ido a rufe, sannan da silifa, sannan da takalmi mai wuya. A rubuta sakamakon kowa a allo, a kwatanta. Ɗalibai za su ga da idonsu yadda idon sawu ke ta ƙananan motsi yana gyara tsayuwa.

Kammalawa

Takalmi kayan aiki ne da ke raba nauyi da gaɓa, kuma jiki kan gina ƙarfinsa da lissafinsa a kan irin wanda ya saba da shi. Takalmin tsalle na sayen kariya da kuɗin walwala, na rawa kuma na sayen walwala da kuɗin kariya. Duk wanda zai ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya, a kan ƙanƙarar Turai ko a kan jar ƙasar filin makaranta, wajibi ne ya ba tsoka da ƙwaƙwalwa lokacin sabon karatu. Sannu ba ta hana zuwa.