Hutun Ma'aikaci: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

  

Yau maganarmu a kan hutun ma'aikaci take. Na san wata za ta ce, "Ni da nake cikin ɗaki, ina ruwana da dokar ma'aikata?" To uwargida, da ruwanki. Maigida direban kamfani ne, ko ɗanki yana aiki a masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ko kuwa 'yarki akawu ce a wani ofis. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗayansu aka yanke masa albashi, tukunyarki ce za ta fara ji. Shi ya sa nake so ki saurara, domin sau da yawa ke ce mai ba da shawara idan an dawo gida da dare.

Bari mu fara da ranakun da gwamnati ke ba kowa hutu. A Nijeriya akwai dokar da ta lissafa su: ranar 1 ga Janairu, ranar ma'aikata 1 ga Mayu, ranar dimokuraɗiyya, ranar samun 'yancin kai 1 ga Oktoba, Kirsimeti da Ista, sannan Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi. Da yake namu da ganin wata suke tafiya, Ministan Harkokin Cikin Gida ne ke sanar da ranakun, shi ne sanarwar da kike ji a rediyo gab da Sallah. Ranar dimokuraɗiyya a da 29 ga Mayu ce, amma tun 2019 ta koma 12 ga Yuni. Gwamna ma yana da ikon ba da hutu a jiharsa, kamar yadda Kano da wasu jihohin Arewa kan yi ranar 1 ga Muharram. Wani abin da ba kowa ya sani ba, hutun ranar ma'aikata a Kano aka fara ba da shi, a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981.

Akwai ayyukan da ba sa tsayawa ko da ranar Sallah ce, irin asibiti da gadi da gidan ruwa. Abin da za a ba mai irin wannan aikin, ko ƙarin kuɗi ko wata ranar a madadi, yana bin yarjejeniyar da aka yi lokacin ɗaukarsa. Don haka a tambaya tun ranar farko, kada a bari sai Sallah ta zo.

Sai mu shiga Dokar Ƙwadago, wadda aka yi tun 1971 kuma har yanzu da ita ake aiki. Ta ce a cikin kowane kwana 7 ma'aikaci yana da yini guda na hutu, awa 24 a jere. Idan aka sa shi aiki a ranar, sai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci.

Hutun shekara kuwa, sashe na 18 ya ce duk wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashinsa. Yaron da bai kai shekara 16 ba, har da mai koyon sana'a, kwana 12 ne nasa. Ki lura da kalmar "aƙalla". Wannan shi ne mafi ƙaranci, kamfani na iya ƙarawa amma ba zai rage ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya, misali, nasu tsarin daban ne, daga mataki na 07 zuwa sama kwana 30 suke samu.

A nan ne ake yawan yi wa mazanmu wayo. Sai mai kamfani ya ce, "Ka bar zancen hutun nan, ga ɗan wani abu ka sa a aljihu." Doka ta hana wannan muddin mutum yana kan aikinsa. Abin da ta yarda shi ne a ɗaga hutun idan su biyun sun amince, amma kada a wuce wata 24, kuma in za a bayar a haɗa masa duka. Na san kuɗin na da daɗi, musamman ƙarshen wata. Amma uwargida, jiki ba ƙarfe ba ne. Direban da ya shekara biyu bai huta ba, gyangyaɗi ɗaya a kan titi ya isa ya mayar da ke mai takaba, Allah Ya kiyaye. In kuwa mutum ya bar aiki bayan ya yi wata 6 ko fiye, sai a lissafa masa kuɗin hutun gwargwadon watannin da ya yi a biya shi.

Rashin lafiya fa? Ma'aikaci yana da har kwana 12 na aiki a shekara da za a biya shi yana kwance, da sharaɗin ya kawo takardar likita mai rajista. Takardar nan ita ce komai. Idan maigida ya kwanta aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, ko aka tsaya a kantin magani kawai, ya warke ya koma hannu rabbana, ba shi da hujja. Ki matsa masa ya je asibiti, ya karɓo takarda.

Yanzu ga namu na mata. Sashe na 54 ya ba mai ciki damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan likita ya rubuta, kuma ya hana a sa ta aiki mako 6 bayan ta sauka. Kin ga ke nan ta gama wankan jego ta yi arba'in a natse. Idan ta yi wata 6 ko fiye a wurin, za a biya ta aƙalla rabin albashinta, kuma ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu ba. In ta koma, tana da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. A aikin gwamnati abin ya fi haka. A 2021 ma gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu.

Sai dai in gaya miki gaskiya, dokar nan ba kowa ta rufa ba. Masu aikin ƙarfi da akawu ta fi nufi. Manaja da ƙwararru irin likita, takardar aikinsu ce ke magana. Haka ke da ake kawo wa ɗinkin hula ko saƙa har cikin ɗaki, ki yi a zo a karɓa, dokar ta fitar da ke daga lissafin ma'aikata. Naki ciniki ne, don haka ki yanke farashi da lokaci tun kafin ki sa allura.

To me za ki yi da wannan ilimi? Da farko ki tambayi maigida ko ɗanki cikin ladabi, an ba shi takardar ɗaukar aiki? Doka ta ce a ba shi cikin wata 3 da fara aiki, kuma a rubuta hutunsa a ciki. Ki karɓa ki adana ta a ƙasan akwati, inda kike ajiye takardar haihuwar yara. Idan aka danne masa haƙƙi, ya fara magana da shugabansa ta lalama. In ba a ji ba, akwai wakilin ƙungiyar ƙwadago, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya a jiha, daga nan sai Kotun Ma'aikata, wadda take da reshe a Kano. Kada ki zuga shi ya yi faɗa, kuma kada ki ce masa ya yi shiru. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba rashin godiya ba ne.

Nan za mu dakata. Wadda ta ji ta gaya wa maƙwabciya da abokiyar zama. Allah Ya ba mazajenmu da 'ya'yanmu halaliyarsu, Ya sa albarka a cikin guminsu. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.